Wasan Ruwan Zoɓo

Iskar da ta zo gaban ruwan farko a shekarar nan ita ta kwashe rufin ɗakunan kwana biyu da na ɗakin gwaje-gwaje a makarantar 'yan matan da Malama Ikilima take koyarwa a Birnin Kudu. Babu wadda ta ji ciwo, amma washegari aka sallami kowa gida. 'Yan aji shida kuwa saura mako bakwai su fara jarrabawar fita sakandare.

Shugabar makarantar ta tara malamai a gindin darbejiya, tunda ofis ma ruwa ya shiga, ta ce kowa ya nemi hanyar da zai ci gaba da yaransa ta waya kafin a yi gyara. Ikilima ba ta jira an tashi daga taron ba, tana zaune ta fara kwafar lambobin iyaye daga rajista. Shekararta tara tana koyar da Kemistiri, kuma bana ne karon farko da ta ga alamar ajinta zai fito da sakamako mai kyau. Ɗalibai arba'in da ɗaya gare ta. Ta samu lamba ashirin da tara masu WhatsApp, kusan duk wayar uba ce ko ta yaya, ta buɗe musu guruf.

Kullum da safe sai ta jingina allo a jikin bangon tsakar gida, ta rubuta darasi, ta ɗauki hoto, ta bi shi da saƙon murya na minti goma ko sha biyar. A ƙarshe ta ajiye tambayoyi biyar. Ranar farko mutum shida suka amsa. Rana ta uku mutum biyu. Daga nan shiru. Tana ganin alamar an buɗe saƙon, amma ba mai cewa komai.

Wayar ta zame mata abin dubawa kowane lokaci. Tana wanke-wanke sai ta goge hannu a zani ta duba. Tana idar da salla, kafin ta naɗe darduma ta duba. Sau biyu shinkafa tana kamawa a tukunya. Mijinta Taufiq, mai sayar da kayan gyaran babur a bakin tasha, ya dawo cin abincin rana ya tarar da ita tana kai da komo tsakanin madafa da ƙofar ɗaki, wayar a hannu.

Ya ce, “Ikilima, ki zauna mana. Yaran nan ba a cikin wayar suke ba.”

Ta ce, “Ai shi ne damuwata, Malam. A aji in yarinya ba ta gane ba ina gani a fuskarta. Nan ban san ko suna ji ba, ko suna kuka, ko sun haƙura da jarrabawar gaba ɗaya.”

Ranar Laraba ta mako na biyu wata ɗaliba ta kira ta. Khuzaima ce, 'yar cikin gari, mai surutu da tsokana a aji, ɗaya daga cikin 'yan kaɗan da suke da wayar kansu. Muryarta ba irin wadda Ikilima ta sani ba ce.

Ta ce, “Malama, don Allah kada ki ji haushinmu. Ni dai da na ji wayar ta yi ƙara sai gabana ya faɗi. In na buɗe na ga rubutu ya cika allo, sai in ji kamar duk abin da na karanta shekara uku ya zube. Ba ni kaɗai ba ce, mun yi maganar da wasu.”

Ikilima ta so ta ce mata ta daure, sai ta fasa. Ta ji ƙarar murfin tukunya ta cikin wayar.

“Me kike yi yanzu?”

“Zoɓon sayarwar Umma nake dafawa.”

“Kin sa sukari?”

“A'a, ban ma tace ba.”

“Ɗebo kaɗan a kofin gilashi. Akwai kanwa kusa da ke? Jefa 'yar ƙarama ki juya.”

Aka ɗan jima. Sai Khuzaima ta ce, “Malama, ya koma wani kore-kore mai duhu.”

“To matsa lemon tsami a kai. Ki yi ta matsawa.”

Aka sake jimawa, sannan dariya ta ƙwace wa yarinyar. “Ya dawo ja. Har ya fi na da ja.”

Ikilima ta ce, “Abin da kika yi yanzu shi ne darasin ranar Litinin da ya faɗar miki da gaba. Lemon tsami asid ne, kanwa kishiyarsa ce, zoɓo kuma shi ne mai tona musu asiri.”

Bayan sun yi sallama ta daɗe a tsaye a tsakar gida. Da la'asar ta goge allon, maimakon darasi ta rubuta ƙa'idojin wasa. Kowa ta dafa zoɓo marar sukari, ta zaga gidansu ta nemo abu uku, ta ɗiga a ciki, ta turo hoton kalar da ya bayar tare da bayanin ko asid ne ko kishiyarsa. Wadda ta fara turowa maki biyar, ta biyu maki uku, sauran maki ɗai-ɗai in dai sun turo kafin ƙarfe shida na yamma. Duk ranar Juma'a za a fitar da jerin sunaye, daga mai maki mafi yawa zuwa ƙasa.

Kafin Magariba hotuna sun fi sittin. Ruwan toka, tsamiya, omo, kindirmo, man wanke baki, ruwan gasara mai tsami. Wata ta jiƙa alli, wata ta sa maganin gyambon ciki na kakarta, kakar tana faɗa a bayan saƙon muryar kowa yana ji. Da Ikilima ta bayyana cewa irin su ruwan toka a Turance alkali ake ce musu, Khuzaima ta rubuto cewa to lallai a kai ƙarar tsamiya gaban alƙali toka. Guruf ɗin da ya yi kwanaki kamar an yi rasuwa ya cika da dariya.

Mako ya zagayo ta ƙara wasan kacici-kacici. Takan yi saƙon murya ta ce, “Ni ƙarfe ne amma wuƙa tana yanka ni kamar sabulu. In na faɗa ruwa sai in yi ta gudu ina huci. Ɗan uwana yana cikin miyarku kullum. Wane ne ni?” Kafin ta ajiye wayar amsoshi sun fara shigowa: sodiyam, sodiyam, sodiyam. Ta cikin wasan ta riƙa cusa abubuwan da suka fi ba su wuya, har lissafin awon sinadarai, suna yi ba tare da sun lura darasi ba ne. Wata uwa daga Wurno ta kira ta yi godiya, ta ce 'yarta ta daina zaman tagumi. Shugabar makaranta ma ta ji labari ta yaba.

Duk da haka hankalin Ikilima bai kwanta ba, kuma ta kasa gane dalili sai ranar Juma'a ta biyu, tana rubuta jerin sunaye. Khuzaima ce a sama da maki talatin da takwas. Ta gangaro har ƙasa, ta rubuta suna na ƙarshe, sai alkalamin ya tsaya mata. Zuwaira Ishiyaku, maki biyu.

Zuwaira ita ce ta ɗaya a Kemistiri tun aji huɗu. Yarinya ce siririya marar yawan magana daga Zandam ta ƙasar Gwaram, wadda take cewa haɗa magunguna za ta karanta. Ikilima ta koma baya cikin guruf tana neman saƙonninta. Suna nan, kowace rana, amsa cikakkiya babu kuskure, har da ƙarin bayanin da ba a tambaya ba. Sai dai, ban da na kwana biyu, duk bayan Isha'i suke shigowa, lokacin da an rufe karɓa, kowa ya watse, hira ta binne su. Babu wadda ta taɓa ce mata sannu. Ita kanta Ikilima ba ta kula ba, saboda tana tsayar da ƙirga ne daga ƙarfe shida.

Ta yi niyyar gyara jerin, sai ta ga yara sun fara tambaya ina sakamako, ina sakamako. Ta ce a ranta ƙa'ida ce ta riga ta faɗa, mako mai zuwa ta san abin yi. Ta tura shi yadda yake.

Ranar Asabar da safe ta buɗe waya ta ga ɗan rubutu a tsakiyar guruf: lambar Zuwaira ta fita.

Ta kira sau uku ba a ɗauka ba. A na huɗu namiji ya ɗauka, ƙarar mota da hayaniyar fasinja a bayansa. Malam Ishiyaku ne, mahaifin Zuwaira, direban motar haya tsakanin Gwaram da Kano.

Ya ce, “Malama, ina kan hanya ne. Zuwaira tana gida, kwana biyu ba ta jin daɗi. Ita ta ce in bar ta ta fita daga abin nan naku, ni ban san kansa ba. Sai na sauka.”

Bai kira ba ranar, bai kira ba Lahadi. Ikilima ta tura kacici-kacicin Litinin ba tare da ta ji daɗinsa ba. Ta fara shara ta bari a rabi, ta ɗauko littafin tambayoyin shekarun baya ta buɗe ta rufe. Ranar Talata da safe Taufiq yana shirin fita ya dube ta.

Ya ce, “Kin san gidansu?”

“Zandam kawai na sani.”

“In kin je Zandam kika ce gidan Ishiyaku direba ai ba za ki ɓata ba. Ki shirya in sauke ki a tasha. Zamanki a nan ba zama ba ne.”

Motar Gwaram ta yi kusan awa ba ta cika ba. Ikilima tana kujerar baya kusa da taga, jakarta a cinya, tana ta tsara abin da za ta ce tana rushewa. Da suka kama hanya ta ga an yi ruwa a wajen kwana biyu da suka wuce, mutane sun bazu a gonaki, maza suna sara da sungumi, mata da yara suna bi suna zuba iri suna takewa. A Gwaram ta hau babur. Suna cikin tafiya ta duba wayarta ta ga sabis ya ragu zuwa sanda ɗaya, can kuma ya ɗauke gaba ɗaya.

Gidan na ƙasa ne mai zaure, an yi wa ɗaki ɗaya rufin kwano. Mahaifiyar Zuwaira, Inna Talatu, tana tsakar gida tana gyaran irin gyaɗa. Da ta ji ko wace ce sai ta miƙe da sauri ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa a kwanon sha. Suka gaisa, aka tambayi gida da yara da hanya.

Inna Talatu ta rage murya ta ce, “Malama, gara da Allah ya kawo ki. Yarinyar nan ta hana kanta sakat. Abinci sai na tsaya a kanta. Kullum ciwon kai. Mun kai ta an duba jini, an ce ba zazzaɓin sauro ba ne. Tun la'asar take fita zaure ta zauna tana sauraren ƙarar motar babanta. Kafin ya yi sallama ta miƙa hannu tana neman waya. Rannan har ya yi mata faɗa, ya ce ko sannu da zuwa ba za ta yi masa ba. In ta karɓa kuma sai ta fita bayan gida wajen tudun nan, nan ne kaɗai ake samun sabis. Ta dawo ido ja.”

Ikilima ta ce, “Inna, laifin ba nata ba ne. Tana ina?”

Zuwaira ta fito daga ɗaki da hijabi, ta durƙusa nesa kaɗan ta gaishe ta, kanta a ƙasa. Ta rame, hannun rigarta ya yi mata yawa. Inna Talatu ta ɗauki farantin gyaɗarta ta koma bakin madafa.

Ikilima ta ce, “Matso nan, Zuwaira. Na ga kin fita daga guruf.”

“Eh, Malama.”

“Me ya sa?”

Yarinyar ta yi ta murza gefen tabarma. Da ta buɗe baki maganar ta fito a hankali, amma a jere, kamar wadda ta daɗe tana maimaita ta.

“Malama, Baba yana fita da wayar tun asuba. Duk abin da kika tambaya ba na gani sai ya dawo. Ina wuni ina tunanin me aka tambaya yau, wa ya riga ya amsa. In na ɗauki littafi ba na gane komai, kunnena yana kan hanya. In na samu wayar sai in tarar da saƙo ɗari biyu, ana ta dariya, an gama. In amsa, ba mai gani. Ranar Juma'a kuma sunana a ƙarshe, kowa ya gani, har Baba ya gani ya tambaye ni ko na daina ƙoƙari ne.” Ta bar murza tabarmar. “Sai na fara ganin ko da ma can ban iya ba. Ko a jarrabawar ma haka za a yi, kowa ya gama ni ina baya.”

Ikilima ta ji kunya ta rufe ta tun daga kai. Ta tuna yadda ta ga sunan a ƙasa ta kuma tura shi da hannunta.

Ta ce, “Gwaje-gwajen fa? Kin samu kin yi?”

Zuwaira ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da wani littafin rubutu mai bangon leda. Tunda babu wayar ɗaukar hoto da rana, sai ta yanka farar takarda siri-siri, ta jiƙa su a ruwan zoɓo mai kauri ta shanya a inuwa. Duk abin da za ta gwada sai ta ɗiga a kan guda, in ya bushe ta liƙa a littafin da ƙullun fulawa, ta rubuta suna da kwanan wata a gefe. Shafi huɗu cike, abu talatin da ɗaya, ta jera su daga mafi ja zuwa mafi kore. Har ruwan rijiyarsu da na rijiyar masallaci ta gwada, ta rubuta cewa akwai ɗan bambanci amma ba ta tabbata ba, tana so ta sake.

Ikilima ta daɗe tana juya shafukan.

Ta ce, “Wa ya koya miki wannan?”

“Ba kowa. Na tuna takardar gwajin da muke amfani da ita a makaranta ne, na ce bari in gani ko zoɓo zai yi.”

“Zuwaira, dube ni. Ni na tsara wasan nan, kuma na tsara shi ba daidai ba. Abin da na auna shi ne wa take da waya a hannu, ba wa ta iya ba. Na ga sunanki a ƙasa, na san bai kamata ba, na tura. Ki yafe mini.”

Yarinyar ta ɗago a firgice, don ba ta taɓa jin malami ya nemi gafarar ɗalibi ba. Sai hawaye suka zubo mata, ta sa gefen hijabi tana sharewa, suna ƙara zuwa. Ikilima ba ta hana ta ba. Daga bakin madafa Inna Talatu ta ce, “Bar ta ta yi, Malama. Kwana nawa tana haɗiye shi.”

Sai da suka ci ɗanwake tare, Ikilima tana lura da loma nawa yarinyar ta kai baki, sannan ta ɗauki hoton shafukan huɗu da izininta. Ta ce mata ba za ta matsa mata ta dawo guruf ba, amma akwai aikin da take so ta ba ta in ta yarda: ita za ta riƙa tsara kacici-kacici uku kullum da rana, a nutse, a littafinta. In Baba ya dawo ta karanta su a saƙon murya ta tura wa Malama kaɗai, shi ke nan ta mayar masa da wayarsa. Washegari da safe a saka wa aji.

Zuwaira ta ce, “In ba su yi daɗi ba fa?”

“Sai in gyara, ko in ce ki sake. Ba maki a ciki.”

Ta ɗan yi tunani ta ce za ta gwada.

A hanyar dawowa, motar tana tsalle a ramuka, Ikilima ta fito da rajista daga jaka ta bi sunayen ɗaya bayan ɗaya. Ta sa alama a gaban duk wadda amsarta take zuwa a makare: su bakwai ne. Sannan ga sha biyun da tun farko ba su shiga guruf ɗin ba, waɗanda murnar wasan ta sa ta manta da su ɗungurungum. Kafin su iso Birnin Kudu ta cika bayan rajistar da rubutu.

Washegari ta sanar da sababbin ƙa'idoji. An soke makin riga-riga. Kowace tambaya tana da kwana biyu. An raba aji gida biyar, kowane gida mutum takwas, ɗaya tara, har da waɗanda ba su da waya, kuma gida ba ya samun cikakken maki sai an ji daga bakin kowace 'yar gidan, ko ta kira ne, ko ta aike, ko wata ta je ta ɗauko muryarta. Jerin sunaye na Juma'a an daina. Ranar Juma'a ma babu tambaya, kowa ta faɗi yadda ta kwana da abin da yake damunta in tana so.

Khuzaima ce ta fara magana. Ta rubuto, “Malama, gaskiya an kashe wasan. Ni da na sha wuya na tara maki talatin da takwas shi ke nan sun tafi?”

Wasu uku suka goyi bayanta. Ikilima ta kira ta ita kaɗai, ta tuna mata yadda muryarta take ranar da ta fara kiranta, ta ce akwai waɗanda wasan ya mayar haka. Ba ta ambaci suna ba. Khuzaima ta ce ta ji, amma a muryarta akwai sauran ƙorafi. Kwana biyu guruf ɗin ya yi sanyi, saƙonni suka ragu da kusan rabi. Ikilima ta koma kai da komonta a tsakar gida, tana tambayar kanta ko ta rushe abin da yake aiki ne saboda mutum ɗaya.

A rana ta uku ta saka hoton shafukan Zuwaira, ta ce duk gidan da ya yi irin wannan takarda ya gwada ruwan rijiyoyin unguwarsu yana da maki goma. Ta biyo da kacici-kacicin farko cikin siririyar muryar Zuwaira: “Ba ni da kala, ba ni da wari. In kin rufe ɗaki kin kwana da gawayi a kunne, ni zan hana ki tashi. Wace ce ni?” Aka yi ta gardama tsakanin iska biyu masu kama da juna a suna, kabon monoksaid da kabon dayoksaid, har sai da aka koma littafi aka tabbatar ta farkon ce. Wata ta rubuto, “Wai muryar Zuwaira ce? Ina kika shiga?” Wasu suka bi da gaisuwa. Ikilima ta ɗauki hoton gaisuwar ta tura wa lambar Malam Ishiyaku. Bayan kwana huɗu Zuwaira ta aiko cewa a mayar da ita.

Abin da Ikilima ba ta zata ba shi ne yadda neman maki ya tashi yaran tsaye. Gidan su Khuzaima saura mutum ɗaya ba a ji daga gare ta ba, wata Ummussalma a Wurno, sai Khuzaima ta sa yayarta ta raka ta har can a ranar Lahadi, ta ɗauko amsarta, ta bar mata kwafin darussan mako uku da ta rubuta da hannu. Wasu biyu a Fagam suka gano gidajensu ba nisa, suka riƙa haɗuwa da hantsi a gidan mai wayar. Cikin sha biyun nan an samu goma. Biyu ba a same su ba duk da aike da kira.

Saura kwana tara jarrabawa aka gama rufin ɗaki ɗaya, aka kira 'yan aji shida su dawo. Ikilima ta tsaya a bakin ƙofar makaranta tun ƙarfe takwas da rajista a hannu, tana sa alama. Zuwaira ta iso da hantsi, ta ɗan murmure, Khuzaima ta karɓe mata akwati suna tafe suna musu a kan wata amsa. Zuwa azahar an samu talatin da tara. Mai gadi ya kawo mata kujera ta ƙi zama. Wajen la'asar babur ya tsaya da yarinya ta arba'in, Halimatussa'adiyya, wadda ashe tana Kano wajen jinyar kakarta, ba ta ma san an yi wani wasa ba. Ta arba'in da ɗaya ba ta zo ba, sai daga baya aka ji iyayenta sun ƙaura Bauchi.

Da sakamako ya fito, talatin da ɗaya sun ci Kemistiri, adadin da makarantar ba ta taɓa samu ba a shekarun Ikilima. Zuwaira tana cikin ukun farko. Halimatussa'adiyya tana cikin taran da suka faɗi. Ranar da aka liƙa sakamakon Ikilima ta same ta a bayan ofis tana kuka, ta zauna kusa da ita a kan dakali, ta tambaye ta wayar wa take amfani da ita a gida, kuma ƙarfe nawa take samunta.